Kwalin da Babu Komai Ciki

Matakala ɗari da tara ce daga ƙofarmu
zuwa shagon Don Froilán.
Na ƙirga da ƙafa, na ƙirga da faɗuwar gaba.
Valparaíso gari ne da aka rataye a jikin tudu,
in ba ka hawa, to gangara kake,
teku na can ƙasa tana lasar gindin jirage.

Ran Juma'a, in an sallami Baba daga tashar ruwa,
sai ya ce, "Nibaldo, sa takalmi."
Shagon na warin darduma mai laima
da hayaƙin taba da ya kwana bai sami hanyar fita ba.
Kasakasan yara na can ciki, jikin taga,
amma sai ka ratsa wani lungu
inda ƙwan lantarki ke ƙyafta ido kamar mai zazzaɓi.

A nan take. Kanta ta biyu daga ƙasa,
daidai idon ɗan shekara bakwai,
sai ka ce da gangan aka auna.

Mace ce, tsaye cikin ruwa iya ƙirji,
gashi ya manne mata a kumatu.
An ɗinke bakinta da zaren kamun kifi,
ɗinki shida, ban so na ƙirga ba.
Idonta ɗaya na kallon wata.
Ɗayan nawa ne.

Yayata Ximena ta ce, "Takarda ce fa, sakarai,"
ta fasa ƙwan cingam a kunnena.
Ita da rana take magana.
Da dare famfon kicin na ɗiga ɗai-ɗai,
rigar ruwan Baba a bayan ƙofa ta yi kafaɗu,
jirgi ya yi kuka daga can cikin hazo,
irin kukan wanda ba ya iya buɗe baki.
Nakan taɓa leɓɓana da yatsa
in ji ko har yanzu nawa ne.
In Mama ta zura zare a allura
sai in tuna ina da aikin gida a wani ɗakin.

Wata Juma'a Baba ya ga na runtse ido
ina laluben hanya da gefen kanta.
Ya tsuguna. Hannunsa na warin gishiri da baƙin mai.
Ya zaro kwalin, ya kaɗa shi a kunnena,
ya buɗe.

Wayam.

"Ka gani? Ba kowa."
Don Froilán ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ai kasakasai a baya nake ajewa.
Wannan kuwa, wani ya ara shekara biyu ke nan,
ko ƙeyarsa ban sake gani ba.
Kwalin na bari, yana ƙawata lungun."

Su a ganinsu sun yi mini magani.
Muka fito, yamma ta yi,
tudu ya kunna tagoginsa, dubu kan dubu,
ni kuwa ina bin su da ido ɗaya bayan ɗaya.
Da can na san inda take kwana.
Yanzu ta fita.

Shekarata arba'in da biyu bana.
Shagon ya koma kantin magani,
ƙwan lantarkinsa fari fat, ba ya ƙyaftawa.
'Yata Amparo na jan dodanni da babban yatsa a waya
tana hamma.
Na nemi fim ɗin sau biyu, ban tuna sunansa ba,
ban iya karatu sosai ba a lokacin,
fuskar kawai na haddace.

Jiya na shiga sayen maganin tari.
Yarinyar kantin ta nuna mini lungun dama,
kanta ta biyu daga ƙasa.
Na ce mata gwiwa na damuna,
ko za ta taimaka ta miƙo mini.