Akushin Dutse

A gindin Goron Dutse nake sassaƙa,
dutsen niƙa da ɗansa, tun ina saurayi.
Ban taɓa ɗaga guduma don mamaci ba.

Sai ga su ran Laraba, su huɗu,
tsofaffin soja, hulunansu sun koɗe,
Saje Barau a gaba, yana jan ƙafar da ta ƙi mantuwa.
Ya ce, "Ilu, dutse muke so.
Waɗanda muka tafi tare ba su sami ko kushewa ba."

Na ce, "Mutum-mutumi dai ba na yi.
Wanda bai iya busa rai ba, me ya kai shi ƙera fuska?"
Ya ce, "Mu ma ba gunki muka zo nema ba."

Kofur Talle ya ce a yi zaki.
Barau ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Zaki? Nomau da ke toshe kunne in an yi tsawa?
Yaro ne mai gudun kare,
amma ya goya ni tun azahar har duhu,
harsashi na shuka a bayanmu,
bai sauke ni ba."

Wani ya ce bindiga.
Kowa ya dubi tafin hannunsa.
Ba a sake tada zancen ba.

Kwana tara dutsen na kwance a rumfata
kamar baƙin sa mai tuƙa.
Na kewaya shi, na ƙwanƙwasa, na kasa kunne,
bai faɗa mini abin da ke cikinsa ba.

Ran na goma wata tsohuwa ta zo daga Yakasai,
Tabawa, ƙanwar Nomau,
da akushi ƙunshe a tsumma.
Ta ce, "Kullum Inna sai ta zuba masa tuwo,
ta rufe da faifai, ko zai iso cikin dare.
Da safe mu ɗumama mu ci.
Shekara goma sha ɗaya.
Har aka ɗauke ta ba ta fasa ba."

A daren na kunna fitila.
Na fafe akushi a kan dutsen, zurfin tafi biyu,
na jingine masa faifai a gefe.
A ƙasa, takalman soja, igiya a kwance,
yadda mutum ke tuɓe su a bakin zaure
in ya san ba zai sake fita ba.

Sunaye talatin da ɗaya suka tuna.
Sauran sai laƙabi: Dogo, Ɗan Gwarzo, Mai Sarewa.
Akwai wani mai wushirya da ke raba goro,
suka yi ta cizon yatsa, sunan ya ƙi zuwa.
Na goge masa wuri sumul, faɗin hannu,
ban rubuta kome ba.

Aka kafa shi ƙarƙashin wata darbejiya.
An yi jawabi, an yi tafi, an kwashe kujeru.
Ni ban ji rabin abin da aka ce ba.

Da ruwan farko ya sauka na koma dubawa.
Akushin ya cika fal,
kurciyoyi uku na tsoma baki.
Na ɗaga hannu zan kore su,
ashe Tabawa na zaune a kan saiwa, carbi a cinya.
Ta ce, "Bar su, Ilu.
Yau dai bai kwana a rufe ba."