Tocilar Baba

Babana gadi ya yi a siton auduga na Sabon Gari,
shekara ashirin da uku,
da gora, da usur, da tocila mai batir biyu.
Bai taɓa kama ɓarawo ba.
Yakan ce, wanda ya san haushin kowane kare a unguwa
ba ya tsere da kowa.

Yau ga ni a Samaru, hawa na biyu,
an liƙa Dakta Asabe Tanimu a ƙofa.
Ina bin sawun labari
daga bakin mai shayi zuwa teburin hukuma,
ina neman inda yake mutuwa a hanya.

Wata bakwai na yi kan benci a Kwangila,
direbobi na ba ni abin da babu a fayil:
wace hanya ta yi shiru,
wane ƙauye ya daina kawo masara.
Na rubuta. Aka tafa. Aka kulle a kabad.

Jiya aka ɗauke wuta ina tsakiyar babi na huɗu.
Na laluba aljihun tebur, na ciro ta.
Har yanzu sai an buga ta a tafin hannu
kafin ta yarda ta kama.