Hasken Aro

Muzammil, ajiye jakar a kan benci,
nesa da randar karkade.
Ƙirga batir: masu rai a aljihun dama,
matattu su koma hagu.
Wanda ya gauraya su, shi ya san inda dare ya yi masa.

Na san zauren nan na ma'aikatan asibitin Gadarif
tun fankokinsa uku na juyawa.
Yau saura ɗaya, ita ma tana tari.
Ɗaga kai kafin ka dubi jama'a,
mai hoto rufi yake fara gaisarwa.

Usta Babikir, Allah ya ji ƙansa,
ya ce mini kar in watsa wa mutum filashi a fuska.
Ido zai yi ja, goshi ya yi maiƙo,
inuwarsa ta miƙe a bango
kamar mai bin bashi ya biyo shi biki.
Karya wuyan filashin, in ji shi,
haske ya je ya taɓo silin
ya sauko da sallama.

To ga shi sun yi wa silin fenti,
kore shar, ko wata bai yi ba.
In na aika haske can,
Hajja Sittana za ta fito kamar an tsamo ta daga miyar lalo,
ita da ta shekara talatin da huɗu tana yanke cibiya.
Rabin zauren nan a tafinta suka fara kuka,
har da kai, da ƙaton kanka.

Cire dogon lensin, ba filin ƙwallo muke ba.
Ɗaura ɗan hamsin, buɗe masa ido sosai.
Sassauta ƙiftawa, ɗaya bisa sittin,
ƙananan fitilun ado su samu shiga.
Gwiwar hannu a haƙarƙari. Riƙe numfashi.
Ma'aunin cikin kyamara kuwa, kar ka ba shi amana:
da ya ga farin mayafi sai ya razana ya runtse,
ya bar fuskar baƙar mace a rijiya.
Wanda ya ƙera shi bai zauna da mu ba.
A kunci za ka auna.

Ana tsakar jawabi wuta ta ɗauke.
Aka yi salati. Wani yaro ya yi dariya.
Janareto, an ce, mai ya ƙare tun la'asar.
Ga babban likita ya miƙo agogon bango cikin leda,
ga tsohuwa ta miƙe,
ni kuwa ba rufi, ba bango, sai labule ruwan ƙasa.

Sai na hango su a hagu:
dillalan kasuwar riɗi, su bakwai, a tsaye,
jallabiya fara fat, rawani kamar an kifa ƙwarya,
kafaɗa da kafaɗa.
Na murɗa kan filashi gefe,
na harba a ƙirjin Alhaji Hasaballa.

Ya ce kai! Ya dafe ido.
Ya ambaci kakana da abin da ba zan maimaita ba.

Amma zo ka gani, kāre allon da tafinka.
Ka ga yadda ya dawo mata a kwance,
ya bi tsagar kumatunta ɗaya bayan ɗaya
bai ƙona ko guda ba?
Ba ta ma dubi agogon ba.
Kunnen likita ta kama,
tana duba ko har yanzu a lanƙwashe yake
yadda ta gan shi ran wata Talata da asuba,
shi kuma, da furfurarsa, ya sunkuya mata.

Dillalan ba su fito a hoton ba, ko gefen hannun riga.
Gobe ka wanke biyu,
ka kai wa Alhaji ɗaya rumfarsa, kar ka karɓi ko fam.

Bari filashin ya huce tukuna, taɓa ka ji.
Waɗannan huɗun sun mutu.
Hagu, Muzammil. Na ce hagu.