Haƙori a Wuya

Da asuba na hau tudun Swaledale,
gajimare ya sauko ya kwanta kan katangun dutse.
Na tarar da tumakina uku a yashe,
ulu ya rine ja, wuya a yage.
Karen wasu masu yawon shan iska ne
ya tsinke igiya jiya da yamma.
Ko tsoka ɗaya bai ci ba.
Kama wuya ya yi, ya girgiza, ya saki,
ya bi ta gaba.

Ɗan sanda Hebden ya zo da takarda,
ya rubuta laifin da kalma guda: wori.
Na tsura wa bakin bironsa ido.
Ita ce fa likita ta rubuta mini
ran Talatar da ta wuce,
da na ce mata barci ya yi mini ƙaura.
Kalma ɗaya, ni da tunkiya.

Tsoho Wilf, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa
yana koyar da yaran kwarin nan,
ya zo taya ni haƙa rami.
Ya dogara da shebur, ya ce, "Maud,
babu wanda ya yi kuskure cikinsu.
Shekara dubu baya, a bakin kakanninmu,
shaƙewa kalmar take nufi,
a matse maƙogwaro har numfashi ya yanke.
Daga nan ta koma bakin kerkeci da kare.
Ta zo ta zama matsa wa mutum lamba.
Sai jiya-jiyan nan
ta shige ƙirji, ta turo ƙofa,
aka daina ganin jini."

Na ce masa ƙasa na jira, ya ci gaba da haƙa.

Amma da dare, ƙarfe uku,
na ji zuwansa.
Ba ya haushi.
Wasiƙar banki ce a ƙarƙashin butar shayi,
da kuɗin ciyawar hunturu,
da ɗana Corin, can a tsakiyar teku
kan dandalin haƙar mai,
kwana goma sha ɗaya bai kira ba.
Ya kama, ya girgiza, ya saki.
Shi ma ba yunwa ke kawo shi ba.

Na kai hannu wuyana.
Ashe tun tuni na san wurin,
sunan ne kawai ban taɓa kwarewa ba
in ga abin da ke kwance a ƙarƙashinsa.

A kicin, cikin kwali kusa da murhu,
marayan ɗan tunkiya ya fara kuka.
Na sauko ba takalmi, na ɗuma madara,
na tallafe haɓarsa da tafin hannu.
Ina jin kowane kurɓi yana wucewa
ta wannan siririn wuya mai ɗumi,
ɗaya, biyu, uku,
hanya a buɗe.

Karen yana bakin ƙofa, na sani.
Ya jira.
Kwalbar ba ta ƙare ba tukuna.