Makulli Biyu

Shekara ashirin da ɗaya ina fasa dutse a Ashaka,
ban taɓa buɗe ɗakin nakiya ni kaɗai ba.
Makulli ɗaya a aljihuna, ɗaya a wuyan Kofur Yerima.
Jininmu bai haɗu ba, ni da shi,
amma ƙofar ba ta san wannan ba,
sai ta gan mu kafaɗa da kafaɗa.

Kafin in murɗa hannu
sai an busa jiniya sau uku,
an kafa jan ƙyalle,
an tura yaro a kan babur ya leƙo bayan tudu.
Wata Laraba mun yi awa biyu a tsaye
don saniyar Jungudo ta ƙi barin gindin tsamiya.
Manaja na duban agogo yana tsaki.
Na ce, ranka ya daɗe, dutse ba ya gudu.

Yanzu ina zaune a Bajoga da kunne ɗaya.
Ɗayan ni na kashe shi,
ranar da na riga ƙidaya da numfashi guda.

Da mai ran nake jin rediyo.
Wai akwai waɗanda ake bi da jaka
duk inda suka sa ƙafa,
a ciki akwai lambobin da za su mai da birni toka
kafin ruwan shayi ya tafasa.
Wai zaman lafiyar ke nan:
ka ɗora mini wuƙa a maƙogwaro, in ɗora maka,
tsoro ya yi mana gadi.
To ni na san tsoro.
Shi ne mai sa hannu rawa.

Mai rediyo bai faɗi wanda ke riƙe da makulli na biyu ba.
In mai jakar ya kwana da zazzaɓi fa?
In an zage shi a bainar jama'a?
Wa zai hau babur ya leƙo mana bayan tudu?
Mu da ba mu zaɓe shi ba,
ba mu iya ko faɗin sunansa daidai,
iska ba za ta tambaye mu fasfo ba.

Jikata Dudu ta ji ana ce mini mai nakiya.
Ta zo ta miƙo tafin hannu,
wai in sam mata, mai yawan zuma.
Na laluba aljihu, inda makullin yake zama a da.
Goro ne, rabi, ya bushe.