Suya Biyu

Ranar Laraba da azahar ake tashi daga makaranta a Aalst.
Fien ta shigo da jiƙaƙƙen takalmi, ta yar da jaka a ƙofa:
"Kaka, dankali nake so, irin na rumfar bakin tasha,
wanda ke ƙara a haƙori."

Lieven ya ɗaga kai ya dubi tukunyar da ke bisa kabad.
Wata goma sha ɗaya ba a sauke ta ba.
Ta Godelieve ce.
Shi kam shekara talatin ya yi yana tuƙa bas,
ya san kowace kwana daga nan har Ninove,
amma hanyar da ta tashi daga ɗanyen dankali zuwa faranti
bai taɓa bin ta ba.

Makon jiya ya gwada a kasko.
Ya fere, ya yanka, ya antaya cikin mai gaba ɗaya,
suka fito laƙwas, sun sha mai sun ƙoshi,
suna lanƙwasa kamar igiyar takalmi.
Yarinyar ta ci guda uku don kara,
ta ce cikinta ne ba daɗi.

Yau ya hau kujera ya sauko da tukunyar.
Matarsa ba ta bar takarda ba, ba ta bar awo ba.
Shi kuma bai taɓa tsayawa ya kalla ba,
yana falo ne kullum, hancinsa cikin jarida.

Amma kunne yana ajiya.

Ya tuna ƙarar famfo, ruwa yana zuba ya daɗe.
To, a wanke ke nan.
Suka yanka siri-siri kamar ɗan yatsan Fien,
suka jiƙa a ruwan sanyi har ya yi fari kamar tsinkakken nono,
suka zubar, suka sake, sai da ya koma garau.
Ya tuna karkaɗar tawul.
Suka shimfiɗa, suka tsane su ɗaya bayan ɗaya,
don ruwa da mai ba sa ga-maciji.

Sai ya tsaya, ludayi a hannu.
"Sau biyu," in ji shi.
"Sau biyu nake jin kukan man nan."

Na farko ƙasa-ƙasa yake, kamar gulmar layin baya a coci.
Ya narka kitsen sa, ya rage wuta,
ya zuba kaɗan-kaɗan, ba cunkoso.
Suka dahu fari fat, ba su yi ja ba.
Fien ta taɓe baki: "Wannan ai na makon jiya ne."

"Dakata. A nan shiru yake zuwa."
Tsawon shirun ya san shi sarai:
daidai kiran wayar Godelieve ga ƙanwarta,
a zagi farashin kifi, a tambayi ƙafar miji, a yi sallama sau huɗu.
Suka zauna. Yayyafi na bin gilashin taga.
Dankalin ya huce a kan faranti.
Ba wanda ya ce komai.

Sa'an nan ya buɗe wuta.
Cuuu!
Ga shi nan, kukan na biyu,
ruwan sama a kan rufin bas,
wanda in ya ji yakan ninke jarida ya tashi wanke hannu.
Suka taso saman mai, suna juya baya launin zuma.

Ya kwashe cikin kwanon silba, ya barbaɗa gishiri,
ya wurga sama ya cafe, biyu suka faɗi ƙasa.
Jaridar yau ya naɗe kamar mazurari,
ya ɗora mayonis cokali guda a kai.

Fien ta hura, ta gatsa.
Garas.
Ciki kuwa laushi, tururi na fita.

"Ya kai na tasha?"
Ba ta amsa ba, bakinta cike,
ta dai miƙo hannu tana neman ƙari.

Lieven ya wanke tukunyar da daddare.
Ya dubi saman kabad, ya dubi kujerar,
ya bar ta a kan murhu.