Ja Uku

Motar Anka ta sauke ni gindin tsamiya,
ita kaɗai ta gane ni ba tare da tambaya ba.
Damina goma sha huɗu ban taka Bagega ba,
na zo da jaka ɗaya
da sunayen da na yi ta ƙirgawa a hanya.

Mai shayi ya dube ni, ya sake dubawa.
"Kai ba ɗan Nomau ba ne? Zamna, ka yi tumbi."
Labbo ne.
Shi ke riƙe mini igiya
sa'ad da nake gaba ashirin a cikin ƙasa,
tocila ɗaure a goshi, diga a hannu.
Ja biyu, a ɗaga guga. Ja uku, a fid da ni.
Yau hannun da bai taɓa sakin raina ba
rawa yake wajen zuba madara.

Na tambayi Cindo, ya ce yana Mali, wani ramin.
Na tambayi Jatau, ya ce rami ya rufta, bara waccan.
Na buɗe baki zan tambayi na uku,
sai ya ƙara mini sukari.

Baba Tunau na nan a zaurensa,
ido ya tafi, kunne ya tsaya gadi.
Daga sallama ya kama sunana.
Sikelinsa na rataye a ƙusa, gizo ya yi masa riga,
sikelin da ya auna mana zinari da tsinken ashana,
muna riƙe numfashi kada ya karkata.

Ya ce, "Ku yara kun ɗauka da ku aka fara.
Kakana tama ya narka bayan dutsen can,
kashin maƙerarsa na nan, je ka tona.
Ubana ya yi wa Bature dakon ƙasa a kai,
sule biyu, Asabar zuwa Asabar.
Ni na auna. Ku kun niƙa.
Ƙasa ba ta rowa, ɗana,
amma ba ta taɓa ba da kyauta ba."

Na bi lungunmu.
Sun kankare ƙasar tsakar gida tun shekarar dalma,
sun zubo wata mai tsabta daga nesa.
Mai tsabta ce, na yarda.
Sai dai babu sawun Hassi a cikinta.

Ni na kawo duwatsun nan gida a buhu,
don kada ɓarawo ya riga ni.
Aka daka su a turmin da ake daka mana fura.
Tana rarrafe tana dariya cikin farin garin,
ni kuwa ina lissafin babur.

Kulu ce ta raka ni makabarta,
ta tsufa fiye da shekarunta.
Ba allo, ba rubutu, sai tsingaro,
amma tana nuna su kamar mai kiran yara cin tuwo:
wannan na Ige, waɗannan biyu nawa,
ga taku nan, kusa da geza.
Kabarin bai kai tsawon hannuna ba.
Na durƙusa, addu'ar da na haddace a mota ta ɓace,
sai sunanta kawai.

Can nesa injin niƙa na tari har yanzu,
samari na wanke ƙasa a bakin kududdufi,
tasa na juyawa, ido na neman ƙyalli.
Ɗaya ya ɗaga mini hannu. Tsayuwar Jatau sak.

Ban san magariba ta yi ba.
Ina nan gurfane, can ƙasa da gaba ashirin,
ba tocila, ba guga,
sai na ji an kama gefen rigata daga baya.
Labbo ne, ya rufe teburinsa ya biyo ni.
Bai ce komai ba.
Ya ja ɗaya, ya ja biyu,
ya ja uku.